Abin Dafawar Iya

"Lafiya lau muka kwana. Ku ne dai ban ga alamar lafiya ba, tun daga bakin titi nake jin ƙauri."

Jikarsa ce, wadda yake kira Tsinke saboda rashin jiki. Shekararta shida tana walda a garejin gyaran motoci. Shi kuwa Tsoho, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana durƙushe a rumfar bayan gida da sabon injin walda, irin mai turo waya da tulun gas. Matarsa Iya tana asibiti, ɓarin jikinta ya shanye, jibi za a sallamo ta. Ya rantse shi zai ƙera mata ƙarfen da za ta riƙa dafawa daga gado zuwa banɗaki.

"Wa ya kira ki? Na ce wa uwarki kada ta gaya miki."

"Maƙwabta suka kira ni. Sun ce mijina ya tsufa ya fara wasa da wuta." Ta ɗauki bututun da ya haɗa, ta ɗaga shi sama. "Kai! Wannan abin dafawa ne ko rariya?"

"Ado ne. Iska za ta riƙa shiga."

"Ɗaya, biyu... huda tara, Tsoho!"

"Ƙarfen zamani ne, ba shi da kauri, kamar ke. Da an taɓa shi sai ya narke."

"To wa ya ce ka ƙure masa wuta? Wannan fankar kuma fa?"

"Zafi nake ji."

"Gas ɗin da zai rufe waldar take korewa. Shi ya sa ɗinkinka ya yi kumfa kamar ƙuraje."

"Ni da na koyar da ɗalibai shekara talatin da biyar! Har bidiyo goma na kalla."

"Da gilashinka ko babu?"

"Ke, ki kiyaye ni. Saki uku zan yi miki yanzu."

"Da wane hannun za ka rubuta, wannan mai rawar?"

Tsoho ya dubi hannun nasa. Can ya ce, "Shekara hamsin Iya take riƙe da ni. Ba na so wani ya yi mata wannan, ko da ke ce."

Tsinke ta kashe fanka, ta rage wutar injin, ta goge bakin wani sabon bututu har ya yi fari. Ba ta karɓi kan waldar daga hannunsa ba, sai ta durƙusa ta tallafe masa gwiwar hannu.

"Sauke hular walda ta rufe maka fuska. Kada ka ja dogon layi. Ɗiga, ka saki. Bari jan ya dushe. Yawwa, sake ɗigawa a gefensa."

"Kina ba ni umarni a gidana?"

"Ɗiga, malam, ban da surutu a aji."

Sau biyu ya sake hudawa, ta sa shi ya cike ramin da kansa. Kafin la'asar sun haɗa ƙafafu huɗu da doguwar sanda. Ɗinkin ba kyau, amma ya kama.

"To hau mu gani," in ji Tsoho.

"Ni? Ai kai ka ce iska ma tana ɗauka ta. Kai za ka hau, da wannan tumbin. In ya ɗauke ka, zai ɗauki Iya da likitanta."

Ya dafa da hannu ɗaya, ya ƙara na biyu, sannan ya saki nauyinsa duka har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ƙarfen ko motsi. Ya daɗe a haka yana lilo.

"Tsoho, kuka kake yi?"

"Hasken walda ne ya shiga idona."

"Ta cikin hular?"

Ya sauko yana dariya, yana share fuska da bakin riga. "Shi ke nan, kin ci ni, ja'ira. Jibi ki zo da wuri. Ke za ki riƙe mata ɗaya hannun, amma in ta tambaya, ni kaɗai na yi."