Sunan Da Ya Faɗa Rediyon Jandarma

"...Lahiya lau, sai ganin Bakatsine da rana tsaka. Ruwa ba ya tsami banza. Ina gajiya, maigidan da ba ya cefane?"

"Babu gajiya, amarya mai haƙori ukku. Ina zahi?"

Nata'ala ya jingine motonsa, wato babur ɗinsa, a zaure, ya durƙusa a gefen tabarma. Hajiya Tasalla kakarsa ce ta wajen uwa, Bagobirar Tsibiri mai zane har kunne, shi kuwa Bakatsinen Maraɗi ne ta wajen uba. Wasa biyu ke nan ya haɗu a kansu, na kaka da jika da kuma na Gobir da Katsina, saboda haka ba a taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Sunansa na yanka Maliki, sunan marigayi mijinta. To mace mai kunya ba ta kama sunan miji, da rai ko ba rai, shi ya sa tun ranar suna ta laƙaba wa jaririn Nata'ala, kuma sunan ya bi shi har shagonsa na Sabon Gari.

Bara ne ya sayo talho, wato wayar tarho marar igiya, daga Jibiya, irin mai dogon zangon nan da 'yan kasuwa ke yayi. Uwar talhon tana gidansa a unguwar Zariya ta Maraɗi, da eriya a kan ƙarfen da ya fi dabino tsawo, ɗiyar kuma ya kawo wa tsohuwa don ta kira shi in ciwon ƙafa ya motsa. Shekarar kuwa ba ta kwanciyar hankali ba ce. Yau yajin aiki, gobe jam'iyyu na zage-zage, jibi a ce sojoji na gunaguni a bariki, kowa kunnensa a tsaye. Ana cikin haka ma'aikatan ofishin waya suka dira gidansa shekaranjiya tare da jandarma guda, suka sauke eriya, suka ɗauke uwar talhon. Suka ce ya kai ɗiyar yau kafin a tashi daga aiki, in ba haka ba ya kwana a kaso, wato kurkuku. Abin da ya kawo shi Tsibiri ke nan, kuma ya san karɓar ƙashi a bakin kura ya fi sauƙi.

"Mi ka kawo mani?" in ji tsohuwa. "Ko hannu rabbana ka taho, kamar yadda kakanninka sunka taho mana gudun hijira?"

"Bawa ba ya tambayar ubangijinshi tsaraba. Yau karɓa na zo yi. Sakinki zan yi, in kwashe kayan aurena."

"Wane kaya gare ka? Ko tsintsiya ba ka taɓa saya mani ba."

"Talho."

Dariyar da ta fara ta yanke. Ta dubi ƙofar ɗakinta, inda wata kwalla ke ajiye a kan kujera, an rufe ta da faifai. Sai a lokacin Nata'ala ya lura da yadda gidan ya yi tsit. Ba kaza, ba akuya, sai kurciya guda a kan katanga tana ta nanata kukanta. Ɗakin marigayi yana nan a kulle kamar kullum, butarsa a bakin ƙofa, amma yau ya ga an cika ta da ruwa.

"Kyauta ba ta komawa," ta ce. "Sai Bakatsine ke ba da riga da sahe ya biyo ta da marece."

"Ba ni ba ne, Hajiya, hukuma ce. Sun ce talhon nan ba shi da tambarin amincewarsu. Wanda doka ta yarda da shi iyakarshi cikin gida, daga ɗaki zuwa zaure. Namu ko ya tsallake gulbi."

"To laihi ne abu ya yi ƙwazo?"

"Sun ce sama ma an raba ta gona-gona. Jandarma da tasu hanya, masu jirgi da tasu, gidan rediyo da tashi. Duk abin da ya shiga gonar wani, kashe shi ake yi."

"Ikon Allah! Mutanen da sunka kasa raba albashi su ne sunka raba sama? Wa ya kafa masu turakun iyaka? Ka koma ka ce masu Bagobira ba ta biyan kuɗin ƙasa a kan gajimare."

"In na koma da wagga magana, ke za ki riƙa kai mani tuwo kaso."

"Da ka huta da bin bashin goro. Can ma akwai 'yan'uwanka Katsinawa da yawa, ba ka yin kewa."

Bakinta na zuba, amma idonta na kan inuwar katanga, wadda ke rarrafowa a hankali wajen turmin da ke tsakar gida. Ya ga ta duba sau ɗaya, ta sake dubawa.

"Wa kike jira, amarya? Ko kin yi mani abokin takara?"

"Na yi. Kuma ya hi ka, don shi kullum sai ya kira. In inuwa ta taɓa gindin turmi, shi ne."

"Wa?"

"Malam."

Duk gidan, mutum ɗaya take kira Malam, marigayi mijinta. Nata'ala ya yi ƙoƙarin dariya, sai ta fito masa a bushe.

"Haba Hajiya. Layi ne ke haɗuwa. Alhazai nawa ke da irin talhon nan tsakanin Maraɗi da Jiratawa? Muryar wani ce ke ratsowa."

"Kai za ka koya mani? Masu ratsowa na san su. Akwai matan Jiratawa masu cinikin zogale, har na san wadda ke tauye mudu. Akwai wani mai kukan an riƙe mashi mota a iyaka. Waɗannan hayaniya ce. Shi daban ne. Sai komi ya yi shiru tukuna, kamar an ruhe rijiya, sannan ya yi tari biyu, irin nashi na mai cin taba."

"Sai ya ce mi?"

"Da can ma shi mai magana ne? Numfashi yake, ni ko in yi ta ba shi labari. Na hwaɗa mashi gero ya yi tsada, na hwaɗa mashi takwaranshi ya zama rago, ko aure na biyu ya kasa."

"To ki gaishe shi, ki ce ya turo kuɗin wutar kuran da kike cika talhon da shi."

"Marar kunya. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Ya so ya karɓi abin nan da wasa ya tafi, ba tare da ya faɗi sauran maganar ba. Tun a hanya yake roƙon Allah kada ta kai shi ga faɗa. Amma ya ga ta jawo kwallar ta ajiye a gefen cinyarta, ta ɗora hannu a kan faifan, irin riƙon da ba a ɓamɓarewa da zolaya. Rana kuwa tana tafiya.

"Hajiya," ya ce, ya sassauta murya, "kin san yadda anka yi sunka gano gidana?"

"Warin rowa sunka bi."

"Muryarki ce ke hita cikin rediyon jandarma. Kullum da azahar, suna tsakiyar magana da motocinsu, sai tsohuwa ta shigo. Da hwari sun ɗauka aljana ce, wani ma ya ƙi zama ɗakin shi kaɗai. Daga baya babbansu ya ce a'a, wasu ne ke aika saƙon ɓoye, tunda ƙasa ba lahiya. Sai sunka bi sunan da kike kira, sunka tarar akwai mai layin waya da wanga suna a unguwar Zariya."

"Wane suna?"

Nata'ala ya kau da ido. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. Sannan a hankali ta ja mayafinta ta rufe fuska har haɓa, kamar yarinyar da aka kama tana leƙen samari. Nata'ala ya ji tausayinta ya kama shi har cikin ƙashi, ya yi da-na-sanin ranar da ya ga talhon nan a kasuwa. Tunda yake bai taɓa ganin an rufe bakin Tasalla ba, kuma bai ji daɗin zama na farko ba.

"Tun ina da ƙuruciya anka kawo ni gidan nan," ta ce daga cikin mayafi. "Na haihu, na aurar, na ga an ɗauke shi a makara, ban taɓa hwaɗin shi ba. Ko kai, don shi na canza maka. Da na ji tarin nan, na duba ba kowa, sai na ce bari in ɗanɗana sau guda in ji yadda yake a baki. Sai ya yi mani daɗi." Ta ƙara jan mayafin. "Maza nawa sunka ji?"

"Waɗanda ke bakin aiki."

"Ƙattin banza, 'ya'yan cikina, suna zaune da takalma suna saurare. Wayyo magana zarar bunu."

"Ai na gyara," ya ce da sauri. "Na ce masu matata ce, Bagobira, ta tsufa ba ta da aiki sai kiran mijinta. Na nuna masu katin shaidata, sunka ga sunan. Babban nasu har ya ce in riƙa zuwa gida da wuri, kada ta ƙara tayar masu da bariki."

Mayafin ya ɗan motsa. Ido ɗaya ya leƙo.

"Haka ka ce?"

"Wallahi. Duk Maraɗi yanzu an san kina mutuwar so na."

"Allah ya sawwaƙe! Ni Tasalla, in rasa wanda zan kira sai mai ƙahwa kamar muciya?" Zagin kuwa ya fito daidai. Ta sauke mayafin ta share ido da gefensa. "To su da sunka ji ni, shi sun ji shi?"

Nan ma ya so ya yi ƙarya, sai dai bakinsa ya riga shi. "Wanda ya ƙi zama ɗakin ya ce akwai mai tari."

"Ka ji ko. Jiya ma sai da ya yi."

"Jiya?" Ya ɗago kai. "Hajiya, tun shekaranjiya uwar talhon na ofishinsu cikin kwali. Ɗiya ba ta magana in babu uwa."

Ta nuna masa tsakar gida da haɓa. Inuwa ta taɓa gindin turmi. Kurciyar nan ta yi shiru, kamar an toshe mata baki. Daga cikin kwalla, ƙarƙashin faifai, wani sauti ya taso, shuuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya daga nesa. Ya ɗauke. Sai tari, ƙasa-ƙasa, na tsoho. Sai na biyu.

Nata'ala ya gaya wa kansa cewa wani Alhaji ne a kusa mai irin talhon, layinsa ya ratso. Ya gaya wa kansa haka har sau biyu, amma tsigar jikinsa ba ta saurare shi ba. Tarin nan ya san shi, na kakansa ne. A kansa ya koyi tafiya.

Tsohuwa ba ta ɗaga faifan ba. Ta sunkuya kawai, ta kai bakinta kusa, ta yi magana da ladabin da bai taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Malam, a yi haƙuri. Ashe ɗakin ba mu kaɗai ba ne. Kuma yaro za su ruhe."

Sautin ya ɗan ja, kamar numfashi, sannan ya mutu. Can sai kurciya ta ci gaba da kukanta, wani jaki ya amsa daga bayan gari.

Ta tashi da ƙyar, ta ciro mabuɗi daga bakin zanenta, ta buɗe ɗakin da ba a buɗewa. Ta fito da wata tsohuwar hula mai aikin hannu, ta ɗauki talhon ta sa a ciki, ta naɗe, ta haɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli.

"Ungo. Talho na hukuma, su je su shuka shi a gonarsu ta sama. Hula ta mai suna ce. Ƙuli-ƙuli kuma ladan ƙaryar da ka yi mani, don yau kam ka ci ni, Bakatsine."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kai naɗin hular mai talho bakin aljihun rigarsa, ya tsaya, ya fasa. Ya fita zaure ya ɗaure shi can bayan moto da roba, ya ƙara zagaye biyu.

Tasalla na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, sai ta fashe da dariya har tana riƙe bango, hawaye na bin zanen fuskarta.

"Dubi jarumin Katsina! Sa shi a aljihu mana, ai kakanka ne!"

"Ni da shi ba mu shiri, mata guda muke nema."

"To in ya yi maka tari a hanya, kada ka zubar mani da ƙuli-ƙuli. Ka ce mashi na hwaɗi sunan na ji daɗi, kuma ba ni ƙarawa sai mun gamu."