Rasuwar Gurnani, Injin Gogen Baba Hatimi

Da zuciya mai cike maƙil da baƙin ciki, Baba Hatimi, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zaune a gidan ƙarshen layi, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wani mai mota rasuwar injinsa na goge fenti, wanda aka fi sani da Gurnani. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a kan bonet ɗin wata tasi, yana tsakar aiki. Watansa goma sha ɗaya a duniya.

Gurnani ya zo gidan ne cikin kwali, wata biyu bayan rasuwar matar Baba. 'Yarsa ce ta aiko shi daga garin da take aikin jinya, don ta gaji da jin cewa mahaifinta yana wuni a ƙofar gida yana kallon tsohuwar motarsa, ita ma tana kallonsa. A lokacin Baba bai taɓa riƙe wani kayan aiki da ya fi hatimi nauyi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana buga tambari a wasiƙun mutane, ya yi ritaya, ba wanda ya rubuto masa ko ɗaya.

Ko da yake ba a son tone-tone a irin wannan rana, gaskiya ta sa a faɗa, haɗuwarsu ta farko ba ta yi kyau ba. Baba ya lafta wa soson injin man folish kamar mai shafa wa burodi bota, ya ɗaga injin sama, ya danna. Marigayin ya ce wuuui, ya raba man nan bisa adalci: katanga ta samu, tabarau ya samu, fararen rigunan da malamar makaranta ta shanya a gidan kusa su ma suka samu. Ta leƙo ta kan katanga.

"Baba, fenti kake yi mana kyauta?"

"Koyo nake, 'yata."

"To don Allah a koya ta ɗaya ɓangaren."

Duk makon nan ba wanda ya yi masa maganar da ta kai wannan tsawo. Ya shiga ɗaki yana maimaita ta, har da murmushi.

Kwana uku bayan haka ya ga wani ɗan karce a gefen but ɗin motar, ya kafa injin a kansa cikin tsakar rana, ya danna da dukkan ƙarfinsa yadda ya saba danna hatimi. Sai da ya ji ƙauri ya ɗaga. Karcen ya tafi, fentin ma ya bi shi. Tabon yana nan har yau, fari fat, faɗin murfin kwalba, kuma Baba bai taɓa ɗora wa marigayin laifin ba.

Daga nan suka fahimci juna. Baba ya gane ɗigo huɗu sun isa, kowanne kamar ƙwayar wake, kuma sai an shafa su a jikin mota kafin a kunna. Ya gane ba a aiki sai a inuwa, ba a tsayawa wuri ɗaya, ba a wasa da gefe-gefe inda fenti ba shi da kauri. A hankali ake tafiya, a tsaye sannan a kwance, a bar injin ya yi abinsa. Kakin sa sheƙi kuwa sirara-sirara ake sa shi, a jira ya yi hazo, a ja yatsa a gani, sannan a bi da tsumma mai laushi. Ranar da ya fara ganin fuskarsa a ƙofar motar, har da furfurar gira, ya juya zai kira wani ya zo ya gani, sai ya tuna gidan ba kowa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya zaɓen mota, bai taɓa raina tsohuwa ba. Amma babban halinsa shi ne muryarsa. In ya fara wuuu-wuuu da safe, har bakin titi ana jinsa, kuma muryar nan ce ta yi abin da gaisuwar Baba ta kasa. Wani direban tasi ne ya fara tsayawa, ya ƙura wa motar Baba ido.

"Baba Hatimi, wannan amaryar taka ce? Jiya na san ta da tamoji."

"Kawo taka mu gani."

"Tawa ai sai addu'a."

"Kawo ta dai. Ga kujera."

Ya kawo, ya zauna awa biyu yana ba da labarin fasinjoji. Malamar makaranta ta kawo tata, ta ce ta yafe riguna. Mai kemis ya kawo ta matarsa. Baba bai taɓa karɓar komai ba, sharaɗinsa ɗaya ne, mai mota ya zauna har a gama, wai don ya ga abin da ake yi wa dukiyarsa. Kujeru suka tashi daga ɗaya zuwa huɗu. Butar shayin da ta yi wata da watanni a kife ta koma bakin aiki.

Game da ciwon ajali, Baba ya ce a rubuta yadda ya faru, kada a rufa masa asiri. Ya lura ƙura tana shiga wasu 'yan ramuka da ke wuyan injin, abin ya dame shi. Ya sami tsohuwar safa mai kauri, ya yanke, ya sa masa a wuya, ya naɗe da salatif tsaf. Sati biyu marigayin yana aiki da zazzaɓi, jikinsa zafi rau, Baba yana cewa ƙwazo ne. Ranar Talatar muryarsa ta sauya, wuuu ta koma ƙirrr, ƙirrr ta koma tari. Ya ce fut, ya saki ɗan hayaƙi, soson ya yi juyi ɗaya da rabi ya tsaya.

An garzaya da shi wurin mai gyaran kayan lantarki. Mutumin ya warware safar, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Baba, wa ya toshe masa hanci?"

"Ƙura nake tsare masa."

"Ta nan yake numfashi. Kwayil ya ƙone ƙurmus, sai haƙuri."

Baba ya rungumo shi ya dawo a ƙafa, bai shiga mota ba.

Marigayin ya bar soso uku, ɗaya bai taɓa aiki ba, da tsummoki bakwai, da rabin gwangwanin kaki, da doguwar waya da har yanzu take kwance a tsakar gida ba a naɗe ta ba. Ya bar tasi guda, rabin bonet yana walƙiya, rabi yana jira. Ya kuma bar Baba Hatimi.

Yau kwana tara ke nan layin shiru. Direban tasi yana wucewa, ya danna hon, ya ɗaga hannu, bai tsaya ba. Baba ba ya zargin kowa, ya ce mutane suna da abin yi, kuma ba a tsayawa ƙofar gidan da ba a jin motsi. Amma kullum da safe yana fito da kujerun nan huɗu, da yamma ya mayar da su.

Ana roƙon wanda yake da lambar 'yarsa kada ya gaya mata. In ta kira ta tambayi injin, cewa yake yi babu wuta.

Za a kai marigayin makwancinsa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, cikin kwalin da ya zo da shi, a saman kabad ɗin ɗakin Baba. Mai sayen ƙarafa ya zo taya gawa, an sallame shi. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida daga nan har yamma, akwai shayi, akwai inuwa. Wanda zai zo, ya zo da motarsa. Baba ya ce kaki yana nan, tsumma yana nan, hannu ma da sauransa. Sai dai aikin da inji yake yi a awa biyu, da hannu zai iya cinye wuni guda, saboda haka mai mota ya shirya zama. Shi dai Baba ya ce ba ya sauri.