Rasuwar Ɗan Jagora a Kan Harafin H

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ta fi baƙin cikin yawa a cikinta, maigidan gida mai koren ƙyaure na ƙarshen layi yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Ɗan Jagora. Shi ne ɗan ƙarfen nan da ke zaune sama da feda a keken babbar 'yarsa, wanda aikinsa shi ne ya tura sarƙa daga babban faranti mai haƙora zuwa ƙarami idan za a hau tudu, ya kuma mayar da ita idan hanya ta miƙe. Ya rasu ranar Litinin da safe, a bakin aiki, a gaban jama'a.

'Yar ce ta raɗa masa wannan suna tun tana makaranta, domin a ganinta sarƙa makauniya ce, inda ya nuna mata nan take bi. Marigayin mai haƙuri ne. Ruwan sama ya dake shi, taɓo ya rufe masa fuska, bai taɓa neman komai ba sai ɗigon mai, shi ma ba kullum yake samu ba. Ba shi da yawan magana. In ya ɗora sarƙa sai ya ce ƙas, in ya sauke ta ya ce ƙyas, shi ke nan. Da wannan ƙyas ɗin maigidan yake gane 'yarsa ta shawo kwanar layi lafiya, sannan ya daina leƙen titi ya koma ya zauna kamar da ma ba jiran kowa yake ba.

Ya kamata masu ta'aziyya su san wani abu game da gidan. Maigidan ba makaniki ba ne, amma shi ke gyara fanka da famfo da zik ɗin jaka da ƙafar tabarau. Ƙannen yarinyar duk sun waye, sun fara kai kayansu shago ba tare da sun tambaye shi ba. Ita kaɗai ta rage. Tun tana rarrafe, in abu ya lalace, sai ta kawo ta ajiye masa a cinya ta tafi, ko waiwaye ba ta yi. Ba shi da abin alfaharin da ya wuce wannan, kuma ba abin da yake tsoro kamar ranar da za ta daina.

Ciwon ajalin ya fara ne da ɗan tari, kar-kar-kar, sai kuma marigayin ya soma ƙin sauke sarƙa a gindin tudu. Ga shi yarinyar ta samu aiki a wani shagon magani da ke bayan wani tudu, za ta fara ranar Litinin. Mahaifiyarta ta ba da shawarar a kai wa mai gyaran keke. Yarinyar dai ta turo keken ta jingina shi kusa da kujerar babanta.

Ranar Lahadi da la'asar, tana wurin tela karɓo farar rigar aiki, maigidan ya ɗauko sukudireba ya durƙusa. A kan marigayin ya ga 'yan notina biyu, ɗaya da H a gefensa, ɗaya da L. Karatunsa bai yi nisa ba, amma harafi ba ya gagararsa. H dai Hawa ne, kuma a wurin hawa ciwon yake. L kuwa Lafiya, mai lafiya kuma ba a taɓa shi. Har ya yaba wa maƙeran a ransa da suka rubuta abu yadda kowa zai gane. Ya sassauta H, bai ga canji ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa don lada. Gwada irin wannan gyara sai da mutum biyu, ɗaya ya ɗaga sirdi tayar baya ta bar ƙasa, ɗaya ya juya feda da hannu. Gidan cike yake da mutane, amma bai kira kowa ba, don yana so a wayi gari kawai a ga keke ya warke. Ya goge marigayin da tsumma har yana sheƙi.

Mai gadin shagon ne ya shaida ƙarshensa. Tudun dai da ƙyar yarinyar ta haye shi a tsaye kan feda, domin ba abin da ya gyaru. Da ta gangaro ta nemi babban faranti bisa sabo, alhali sarƙar na kansa tun farko, marigayin ya yi biyayya kamar kullum, ya tura. Sai dai notin da ke gaya masa inda zai tsaya ya riga ya saki. Ya zarce da sarƙar ta faɗa waje, ta sarƙe tsakaninsa da hannun feda, feda kuma ta murɗe shi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙas, sai garrr, sai ƙarau. Yarinyar ta faɗi a ƙofar shagon, gaban sababbin abokan aikinta. Tafin hannunta ya kuje, farar rigar ta sha baƙin mai tun daga aljihu har ƙasa. A haka ta yini tana miƙa wa mutane magani.

Da yamma mai gyaran keke ya duba gawar. Ya bayyana cewa haruffan ba na harshenmu ba ne: H na babban faranti ne, L na ƙarami, ciwon kuma tun farko a wajen L yake, juyi kaɗan ya ishe shi. Da ya tambayi wanda ya taɓa notin, yarinyar ta riga kowa amsawa cewa tsufa ne kawai, ƙarfen ya gaji. Mai gyaran ya dubi baƙin man da ke ƙarƙashin farcen maigidan, ya dubi ƙasa, ya yarda da tsufan. Haka ta gaya wa mahaifiyarta, haka ta gaya wa mai shagon. Saboda haka ake roƙon duk wanda ya ji cewa tsufa ne ya kashe Ɗan Jagora ya gyara labarin. Lafiyarsa ƙalau in ban da tari. Bai saɓa wa kowa ba, iyakarsa aka cire masa.

Ya rasu ya bar abokiyar zamansa sarƙa, wadda ta samu targaɗe a gaɓa ɗaya. Da farantai biyu. Da ƙaninsa na tayar baya, wanda shi ma yana da H da L, kuma an yi alkawarin ba za a kusance shi ba. Da noti L, wanda har yau ba wanda ya taɓa shi.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi. Maigidan ne zai tura keken da ƙafa, ta babban titi, ba ta lungu ba, har rumfar mai gyara, inda za a sauke marigayin a sa shi cikin gwangwanin tsofaffin ƙarafa, a ɗaura magajinsa. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu zuwa gaisuwa su taimaka kada su tambayi maigidan ma'anar kowane harafi, ƙannen yarinyar sun riga sun ɗauki nauyin wannan.

Sukudireban yana hannun uwargida, kuma maigidan ya ɗauka nasa ya ƙare. Amma jiya yarinyar ta aika wa mai gyara cewa kada ya nemi mai taya shi gwaji, tana da wanda zai riƙe sirdi. Ta ce shi ya riƙe mata shi ranar da ta fara hawa keke, yana gudu a bayanta yana haki, kuma bai sake ba sai da ta ce ya saki. Maigidan zai halarta a kan lokaci, da hannu biyu, ba komai a cikinsu.