Ranar da na tashi masu barci a ɗakin sanyi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ko da na so. Tun da na haifi Ladi nake da wani hali: in ta yi shiru a barci sai na sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Babanta ya yi magana har ya gaji.

Da wannan halin na samu aikin shara a wani ofis a Bukan Sidi. Akwai ɗaki mai sanyi kamar firji, an jera kwamfutoci marasa fuska, saba ake ce musu. Ranar farko Injiniya Audu ya ce, "Maman Ladi, in abu ya lalace a nan, ni da ke duk gida za mu." (Da ƙyar fa na samu aikin.)

Ran nan ina goge ƙasa sai na ji shiru. Biyu kaɗai ke huci, sauran ko fanka ba ta motsi. Na dubi bokitina, na dubi wayoyi. Shi ke nan, ruwa ya shiga! Na durƙusa na sa yatsa a ramin iskar ɗaya (e, kamar hancin Ladi). Ba numfashi. Sai na bi su ina danna maɓalli ina cewa, "Tashi, don Allah tashi." Suka tashi kuwa, da ƙara kamar injin niƙa.

Ana haka ƙofa ta buɗe. Injiniya ne da manyan baƙi daga Abuja, yana cewa, "Yanzu za ku ga yadda muke rage shan dizal, yawancinsu barci suke..."

Ya tsaya. Ina durƙushe, na rungume ta ƙarshen.

"Oga, na ceto su," na ce.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi min ciwo ke nan. Injiniya ya shafa fuska ya ce, "Maman Ladi, a tashar Obi, mota biyar ake kunnawa don fasinja uku?" Na ce a'a, ɗaya ake cikawa tukuna. Ya ce haka nan ma: in aiki ya yi kaɗan ana tara shi a kan biyu, sauran su kwanta, wuta ta huta. Wata guda ya yi yana shirya wannan barcin don baƙin su gani.

Ba a kore ni ba. Amma yanzu har mai gadi yana kirana Nas, wai mai jinyar kwamfutoci.

Na dai gane ba kowane shiru ne mutuwa ba. Ladi ma ta fara samun barci. Don Allah, in za ku ɗauki mai shara, ku faɗa mata waɗanda ke barci da gangan.