Sojan da Ya Ƙi Tashi

A gidan surukaina a Doguwa, bikin Ista ba ya ƙarewa a zuwa coci da cin shinkafa. Da sassafe Iya, surukata, takan tara iyali a gaban wani tsohon rumbu, a ce shi ne kabari, jikoki su yi wasan tashin Almasihu. Ita ke koya wa kowa maganarsa da ka, har maƙwabta Musulmi kan leƙo ta katanga don daɗin kallo.

Shekarar da na auri 'yarta aka rasa mai yin sojan da ke gadin kabari. Na ce a bar mini, ai ni na yi suna a wasan kwaikwayo tun a sakandare.

"Ba wuya, ɗana," in ji Iya. "Mala'ika na fitowa, ka faɗi kamar matacce. In ka ji an ce 'Ya tashi!' sai ka zabura ka gudu."

Faɗuwa kam na yi ta da gwaninta, har aka tafa mini. Sai dai na kwaso gajiyar tuƙi daga Kano, ga inuwar rumbu da sanyi. Aka yi ta cewa "Ya tashi!" ni kuwa sai minshari. Matata ta rufe fuska don kunya.

Iya ko murmushi ba ta yi ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓe ni, ta ja waƙa, aka ƙarasa addu'a a kaina.

Har yau, duk safiyar Ista ƙannen matata kan bugo mini waya: "Almasihu ya tashi! Yaya, kai fa?"