Jatau da Manyan Baƙi Huɗu

A bakin fadamar ƙauyenmu akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa mai daddawa, da babban ɗanta Barau, da autanta Jatau. Barau wayo ne ya yi masa yawa har ya zame masa ciwo. Jatau kuwa, ga shi da gemu, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Aikinsa kiwon tantabaru. Da hantsi sai ya kwanta rigingine yana kallon su suna kewaya sama har ya manta da cikinsa. A cikinsu akwai wata fara sol da yake kira Auduga, wai ita ke ba shi labarin abin da ke bayan gajimare.

To, a gindin tsamiyar kasuwa maza kan yi kartar goro bayan la'asar. Dokarsu ɗaya ce: in zagaye ya zo kanka, goro ɗaya tak za ka ƙara, ko ka kife kartarka ka fita, abin da suke kira kwanciya. Wanda goronsa ya ƙare ya sa abin da ya mallaka. Haka Barau, Allah ya shirye shi, ya sa Auduga wadda ba tasa ba, Ɗan'asabe mai faci ya cinye. Ya fige mata fiffike ya jefa ta a keji, ya ce in ta yi ƙiba za ta shiga farfesu. Jatau ya kwana biyu bai sa tuwo a bakinsa ba. Inna ta sa Barau ya rantse ba zai sake taɓa karta ba, sai ya ce wa ƙanen, "Tashi in koya maka da baki, ka ciwo abarka."

Wata rana Jatau ya yi zamansa na farko a tabarmar karta. Ɗan'asabe ya cakuɗa karta ya miƙa masa ya ce, "Yanka." Jatau ya juya gabas, ya yi bisimilla, ya zaro wuƙa. Mutum uku suka riƙe masa hannu. Ya dube su da mamaki ya ce, "Ko wani ne zai riƙe mini ƙafafunta?" Ranar dariya ce ta tashi wasan.

Wata rana kuma Barau ya ce, "In Ɗan'asabe ya ƙara, kada ka tsorata, ka bi shi." Ɗan'asabe ya ƙara goro, ya ci, ya tashi. Jatau ya bi shi. Ya bi shi rumfar faci, ya bi shi rijiya, ya bi shi har zaure. A nan ya hangi kejin a rataye. Auduga ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, shi kuwa ya tsaya kamar an dasa shi, yana jin kamar rufin zauren ya buɗe su biyun sun yi sama, fadama ta koma kamar faifai a ƙarƙashinsu. Muciyar matar gidan ce ta dawo da shi ƙasa.

Wata rana Barau ya ce, "Sirrin karta a fuska yake. Ka riƙa karanta fuskar mutum." Da aka zauna sai Jatau ya ajiye kartarsa, ya matsa har hancinsa na gogar na Ɗan'asabe, ya sa yatsa yana bin tsagen kumatunsa. Can ya waiwayo ya ce, "Yaya, alif uku ne a nan, uku a can, kuma duk babu wasali." Ɗan'asabe ya ji haushi, ya rantse gobe in Allah ya kai mu zai yanka tantabarar.

Wata rana, wato goben, Jatau ya ba da 'yan shila huɗu aka cika masa hula da goro. Ɗan'asabe ya zo da kejin ya ajiye a gefensa don tsokana. Barau ya raɗa wa ƙanen, "In manya suka zo hannunka, ka riƙe su da kyau, kada ka nuna wa kowa." Aka raba. Jatau ya leƙa kartarsa, sai ga dattawa huɗu masu gemu da hular sarauta suna kallonsa. Sarakuna huɗu a hannun mai kiwon tantabaru, ko tabarmar kirki babu! Ya ce, "Wayyo, na shiga uku."

Ni da nake ba ku labarin na san da Barau ne ya samu wannan hannu, da haƙoransa sun tona shi, kowa ya kwanta, ya tashi da goro uku. Amma da aka ga gumi na zuba wa Jatau, sai kowa ya gyara zama. Zagaye ya zo kansa, ya ɗauki goro ɗaya ya ajiye a hankali, ya sunkuyar da kai ga kartarsa ya ce, "A yi haƙuri, ba yawa." Baƙinsa yake yi wa gaisuwa, 'yan wasa suka ɗauka su yake roƙo. Ɗan'asabe ya ƙara. Jatau ya sake ajiye ɗaya, ya sake ba da haƙuri. Haka aka yi ta kewayawa, sauran suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

"Kwanta mana, Jatau, ka huta," in ji Ɗan'asabe.

"In kwanta a gaban na gaba da ni? Ba haka Inna ta rene ni ba."

Ɗan'asabe ya ji daɗi, ya zaci shi ake girmamawa. Yana da goma-goma uku a hannu, ya ci gaba da ƙarawa har ya laluba aljihu ya ji wayam. Ya jawo kejin ya dangwarar a tsakiyar tabarma, ya baje kartarsa ya ce, "Nuna taka."

"An ce kada in nuna wa kowa."

"Nuna, don girman Allah!" Barau ya yi ihu.

Jatau ya karkaɗe hularsa ya shimfiɗa, ya jera sarakunan a kai don kada su taɓa ƙasa. Shi ko tulin goron bai kalla ba, ya buɗe keji. Barau ya ce, "Goron fa?" Ya ce, "Na baƙi ne, Yaya."

Ya ɗaga Auduga sama da hannu biyu. Ta buɗe guntun fiffikenta, ta kasa tashi. Sai ya ɗora ta a kansa, ya ware hannuwa, ya ruga ta tsakiyar fadama yana cewa, "Riƙe gashina da kyau, yau ni zan tashi da ke!"