Ranar da na yi wa injin gyaɗa tofi

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na zama waliyyi a Batsari ba, daga hantsi zuwa azahar.

Maƙwabcina Alhaji Sale ya sayo injin matse man gyaɗa, irin na zamani. Wata ranar kasuwa injin ya ƙi tashi, ga matan ƙauyen Karare sun jera buhunansu suna jira, mai gyara kuma yana Katsina. Alhaji ya fara zargin bakin mutane ne, sai ya aiko in zo in yi addu'a. (Ni malamin allo ne. Ban san komai game da inji ba sai ƙararsa.)

Na yi bisimilla, na sunkuya kan murfin zan tofa. Ƙirjina na taɓa shi, sai inji ya ɗauka. Na ja da baya a tsorace, ya mutu. Na sake sunkuyawa, ya sake tashi. Wuri ya kaure da salati.

Da ina da hankali, da na ce ban san dalili ba. Maimakon haka na sunkuyar da kai, na ce akwai al'amuran da ba a faɗa a kasuwa. (Allah Ya yafe mini, har na fara tuno wani mafarki da na yi bara.) Haka na rungume inji ina lazimi, zufa na zuba, mai na tsiyaya, jama'a na tururuwa. Wata tsohuwa ta kawo mataccen rediyonta. Wani mahauci ya roƙi in je in jingina da firjinsa.

Da aka kira azahar na cire babbar rigata, na miƙa wa Alhaji, na tafi alwala. Shi kuma ya ɗora ta kan murfin. Ina wanke ƙafa na ji inji ya tashi, ba ni a wurin.

Kafin in iso, Alhaji ya laluba aljihun rigar, ya zaro maganaɗisun tsohuwar sifika da nake tsintar allura da shi in ina ɗinkin hula. Ya buga wa mai gyara waya, kowa na ji. Mutumin ya ce akwai ɗan makunni a bakin murfin da ba ya haɗa wuta sai maganaɗisu ya matso shi, don kada injin ya juya murfi a buɗe ya cinye hannun wani. Maganaɗisun murfin ne ya faɗi, nawa ya maye gurbinsa.

Mahaucin ya russuna da ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, to kai za ka zo, ko rigar za ka aiko?"

A sahun ƙarshe na yi sallar, kusa da takalma. Tun daga ranar, in abin mamaki ya faru a hannuna, kafin in ce daga sama ne, sai na fara laluba aljihuna.